Hannu a Kan Robar Ƙarin Ruwa

Madam Ngassa ta turo ƙofa da kwanon romon kifi, sai ta ga hannun Dakta Fongang a kan robar ƙarin ruwan da aka ɗaura wa maƙwabcinta, Farfesa Tchuenkam. Yana ganinta ya janye hannun kamar ya taɓa garwashi.

Kafin la'asar Farfesa ya cika. Nas ɗin unguwa ta ce ruwan ne ya yi gudu fiye da yadda ta saita, tsohuwar zuciya ta kasa ɗauka.

Abin ya tsaya wa Madam Ngassa a rai. Kaf layinsu a Yawunde an san Fongang ɗalibin marigayin ne, an kuma san ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan muƙaminsa a jami'a. Ga dangi sun iso daga ƙauye, kuma a al'adarsu ba a rufe akwati sai duk wanda ya shiga ɗakin ya dafa gawa ya faɗi abin da ya gani. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta gama da Fongang.

Ta ritsa shi a bakin famfo, ta tambaye shi ba kwana-kwana.

"Mama, shi ya ƙara buɗe ruwan da kansa," in ji shi. "Ya ƙirga ɗigon, ya ce shekara da shekaru yana koyar da lissafin gudun ruwa a bututu, ba yarinya ce za ta nuna masa ba. Ni ragewa na zo yi."

"To me ya firgita ka?"

"Ya hana ni taɓawa. Ban taɓa saɓa masa ba."

Halin Farfesa ne sak. Mutumin da ya taɓa kwance mata indararo ana tsaka da ruwan sama, wai an karkata shi ba daidai ba. Amma ai mai ƙarya ma da abin da ya yi kama da gaskiya yake yin ta, wannan ne ya hana ta sakewa.

Da aka zo kanta ta dafa ƙafar gawar, yayan marigayin ya tsare ta da ido.

"Romo na kawo," ta ce. "Bai sha ba."

Da aka watse ta ɗaga labulenta kaɗan. Fongang na barandar Farfesa shi kaɗai, zaune a kan siminti, ya jingina kansa da ƙafar kujerar tsohon. Ba ta saki labulen ba.