Ranar da Raudatu Ta Tsallake Igiya

Abarshi bai taɓa shiga aji ba sai ranar zaɓe, amma tun da ya sayo hular kwano ruwan ɗorawa a Kaduna, kowa a wurin haƙar zinaren bayan Randagi Injiniya yake ce masa. Shi ne mai ramin. Ba ya sauka, yana dai tsayawa a baki yana nuni da biro.

Raudatu tana tuyar ƙosai a saman gangaren, dab da bakin ramin, mijinta Isah kuma yana cikin masu sauka. Ruwan ƙarshen damina ya kwana yana zuba. Da safe ta ɗora kasko a murhun da ta saba, sai man ya taru gefe guda. Ta gyara duwatsu, ya sake taruwa. Ta leƙa bayan murhun, ta ga ƙasa ta tsage, doguwar tsaga, har yatsa na shigewa.

Kowa ya san yadda gangaren yake: jar ƙasa mai tauri a sama, rairayi a ƙarƙashinta, can ƙasa laka mai santsi. In rairayin ya ƙoshi da ruwa, ta saman ba ta da abin riƙewa.

"Injiniya, ranka ya daɗe, ƙasarka fa tafiya take yi."

Abarshi ya zaro waya, ya nuna mata bidiyon wani dutse a ƙasar Turawa, dusar ƙanƙara ta ɓalle tana binne itatuwa.

"Kin gani? Wannan shi ne zaftarewa. Sai da ƙanƙara ake yi. Kin taɓa ganin ƙanƙara a Randagi? Tamu jar ƙasa ce, simintin Allah. Je ki juya ƙosanki."

Ta sami Isah yana ɗaura fitila a goshi.

"Baban Ummi, kar ka sauka yau."

"Jiya muka taɓo jijiyar zinare. In ban sauka ba wani zai kwashe."

"Ya kwashe mana."

Bai ko kalle ta ba.

To, masu wannan ramin suna da doka. Mace ba ta tsallake igiyar sauka. In ta tsallake, ramin ya yi fushi, ba mai shiga sai an yanka akuya, an bar shi ya huce har bayan Juma'a. Liman ya sha faɗa musu camfi ne. Su ce gaskiya ne malam, su ci gaba da abinsu.

Igiyar tana shimfiɗe a ƙasa. Raudatu ta gyara ɗaurin zani, ta tako a hankali, ta tsallake. Ta juyo ta sake tsallakewa, don kar wani ya ce bai gani ba.

Wani ya yi salati.

"Camfi ne!" in ji Abarshi. "Zamanin kimiyya muke ciki. Ku sauka!"

Shafi'u, babban masu haƙa, ya kwance fitilarsa. "To Injiniya, kai ne mai hula. Yi gaba, muna bayanka."

Abarshi ya dubi igiyar, ya dubi ramin. Sai ya kara waya a kunne yana "Na'am, Alhaji?" ya yi nisa da ita, a wurin da sabis bai taɓa leƙowa ba.

Mutane suka fara tattara diga da shebur.

"Kin san akuyar a wuyana take?" in ji Isah.

"Na sani. Ka sayi ƙarama."

Ya tada babur, ta hau baya da kayanta. Duk ramin da ke hanyar Randagi sai da ya faɗa cikinsa da gangan, ita kuwa ta riƙe rigarsa gam, tana jin zafin bayansa a tafin hannunta, har ƙofar gida.