Mazubin Ruwan da Baba Ya Ƙera

Kaza ta uku ta mutu ranar Laraba da hantsi. Saura tara. Malama ta sa ta a leda, ta kai bayan katanga ta binne, ta dawo ta tsaya bakin akurki tana ƙirga sauran, alhali ta san adadinsu.

Mahaifinta yana zaune a baranda yana wasa wuƙa a kan dutse. Shekara arba'in ya yi yana ƙera bokiti da butar ban-ruwa da kwanon rufi, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi.

"Uwata, a yanka su yau kafin su zama mushe," in ji shi.

"Baba, ka ba ni zuwa la'asar."

"Na ba ki. Bayan la'asar kuwa wuƙar nan ba ta jin lallashi."

Kajin nata ne. A kwali ta raine su tun suna 'yan tsaki, kuma wata biyu ke nan da suka fara ƙwai. Mako biyar da suka wuce ta karanta a waya cewa khal, wato ruwan tsamin tuffa, yana gyara cikin kaji. Ta sayo kwalba, tana zuba babban cokali ɗaya a lita huɗu na ruwa kowace safiya kafin ta tafi makaranta. Ba ta taɓa wuce awo ba. Amma tun makon jiya kajin suka rage ci, suka saki fukafukai, kashinsu ya koma kore.

Yau ba ta je aiki ba. Ta share akurkin, ta zuba sabuwar dusar katako. Ta kwance buhun abinci ta shinshina, babu warin ruma. Ta zauna, ta miƙe, ta sake leƙawa. Ƙarfe ɗaya ta yafa mayafi ta fita.

Shagon maganin kaji ɗan ƙarami ne, buhuna har rufi, firij yana gurnani a lungu. Mai shagon, wata dattijuwa da ta yi aiki a asibitin dabbobi, ta saurare ta tana ƙulla leda.

"Rigakafi fa?"

"An yi duka, Hajiya."

"Abinci?"

"Wanda kika sayar mini."

"To shi kam ba ya laifi," ta ce tana dariya. "Me kike ƙara musu?"

Malama ta faɗi khal ɗin da awonsa.

"Wannan ko sauro ba zai kashe ba. A me kike zubawa?"

"A mazubin da Baba ya ƙera musu."

"Na roba?"

"Baba da roba? Ko kofin roba ba ya sha da shi. Na kwano ne."

Hajiya ta ajiye ledar.

"Tsami yana cin farin shafen da ke jikin kwano. Ya narke a ruwa, kaji su sha. Ban ce shi ne ba, je ki duba cikinsa da idonki. In shi ne, ruwa zalla a roba, ki daina khal ɗin. Waɗanda suka sha da yawa ban yi miki alkawari ba. Kuma kada ku ci ko ɗaya yanzu."

Malama ba ta jira mota ba, da ƙafa ta koma. Ta wuce Baba ba ta zauna ba, ta janyo mazubin, ta tuntsurar da ruwan. Gindinsa ya yi dabbare-dabbare, baƙi da ja. Ta goga yatsa, wani abu toka-toka ya biyo ta. Ta kai masa, ta maimaita abin da Hajiya ta ce.

Baba ya juya mazubin a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Akwai bokitina da ya shekara talatin bai yi haka ba."

"Ba aikinka ba ne, Baba. Khal ɗina ne."

"Miƙo kwalbar."

Ya buɗe, ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Tsami ne ashe! Duk wanda ya sayi bokiti a hannuna sai na ce masa kada ya jiƙa abu mai tsami a ciki. Kullum ina zaune a nan ina kallon kina zubawa. Kin ce magani, na ɗauka magani ne."

"Ni ma ban tambaye ka ba."

"Ina za ki tambayi tsoho, ga waya a hannu?"

Ya aike ta ɗaki ta ɗauko masa almakashin yankan kwano, da jarkar roba da ke bayan ƙofa. Ya tsaga ta a tsaye, ya kankare bakin kada ya yanki wuyan kaza, yana mita cewa wannan ba aiki ba ne. Malama ta wanke ta sau uku, ta cika da ruwan famfo, ta tura cikin akurki.

Babu wadda ta motsa. Malama ta tsuguna, ta miƙe, ta duba agogo. Can wata jar kaza ta tako, ta tsoma baki, ta ɗaga kai sama. Biyu suka biyo ta. Lokacin da aka kira la'asar, takwas sun sha. Ta taran tana kwance a lungu, idonta a rufe. Malama ta ɗauko ta tana ɗiga mata ruwa da ƙaramin cokali.

Baba ya goge wuƙar a gefen zanen kujera, ya miƙo mata ta wajen ƙota.

"In kin gama, ki mayar da ita ɗakin girki."