Azumin Kassim a Kan Teku

Kassim mutumin zangon Kumasi ne, yana wanke tukwane a wani gidan abinci a unguwar Whitechapel ta London. A shekarar 1987 maƙwabcinsa Dalyop, ɗan Jos, ya samo musu aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa da ƙyalle. Za a kai shi wa mai shi can ƙetaren teku. Su uku ne da kyaftin, wani Bature marar yawan magana.

Suna barin kogin Thames watan azumi ya kama. Kassim ya ɗauka.

Da suka yi nisa, teku ta ɓata rai. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Igiyar ruwa ta riƙa ɗaga jirgin tana maka shi, tukunya ta ƙi zama a kan wuta. Kyaftin ya rage ƙyallen, ya ce kowa ya ɗaure ƙugunsa da igiya, a riƙa karɓa-karɓa a sitiyari. Wanda hannunsa ya saki, ruwa zai bugi jirgin a gefe ya kifar da su.

Ga Kassim babu sahur na kirki, abin da ya ci ma ya amayar.

Dalyop ya miƙo masa shayi a gora. "Malam, sha. Ni da nake zuwa coci ma na san an ɗauke wa matafiyi."

"Ubana bai taɓa shan azumi ba, ko ranar da ya kwanta ciwo."

"Ubanka a kan tabarma ya kwanta, ba a kan wannan ba."

Kassim ya kau da kai. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Da la'asar yana kan sitiyari idonsa ya yi duhu, hannu ya saki. Jirgin ya karkata, ruwa ya share Dalyop har bakin jirgin, igiyar ƙugunsa ce ta tare shi. Ya rarrafo yana tari, goshi a fashe.

Kassim ya dubi jinin. Rana tana sama tukuna. Ya kwance gorar, ya yi bisimilla, ya shanye, sannan ya kama sitiyari da hannu biyu.

Bayan sun dawo London ya rama azumin a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Dalyop ya ce wannan kuma wayo ne.