Wuyan Keken Malam Lawan

Yakubu mai gyaran keke ya kwance babban notin wuya, ya ɗaga firam ɗin, sai 'ya'yan boris suka zubo a murfin gwangwanin da ya tara. Malam Lawan ya leƙo daga kan benci kamar mai jiran sakamakon gwajin jini.

"Ka gani ko? Na faɗa musu wuyan ne," in ji shi.

Yakubu ya tattara 'ya'yan boris ɗin. Ya wanke su da kananzir, ya ɗaga ƙoƙon ƙarfen da suke zama a ciki ya duba a hasken rana. Ya yarda cewa ƙoƙon ya ɗan cinye, akwai 'yan ramuka a cikinsa. Wannan 'yar magana ta fi wa Malam Lawan daɗi a kan duk wadda ya ji tun farkon damina, har ya gyara hula.

Keken Rale ne, baƙi, tun zamanin da Malam Lawan yake masinja a ma'aikatar gwamnati. Da shi ya kai takardu ko'ina a Kaduna, da shi ya yi ritaya, kuma da shi yake ɗaukar dubulan da alkakin matarsa Harira daga Rafin Guza zuwa shagunan Kawo. A 'yan watannin nan kan keken ya fara yi masa rawa a hannu. Ya faɗi a bakin kwata ya ɓoye zancen. Ya sake faɗuwa a gaban masu shayi, wannan kuwa ba ta ɓoyu ba, don da gwiwa a kumbure aka rako shi gida.

Autarsa Na'ima, wadda take aikin jinya, ta zo ta zauna a gabansa tana kallon hannunsa na dama, ta ce tana so likita ya duba shi, kuma ya hutar da keken. Malam Lawan ya hau faɗa, ya ce yaran yanzu ba su san keke ba, laifin wuya ne. Harira ce ta raba gardamar cikin sanyin murya. Ta ce a gyara wuyan. In rawar ta daina, kowa ya yi shiru. In ba ta daina ba, Malam zai bi Na'ima asibiti, keke kuma ya jingina. Ya amince, don ya tabbata shi ke da gaskiya, ko kuma ya ce wa kansa ya tabbata.

Shi ya sa tun da hantsi yake zaune a rumfar Yakubu, Bakano ɗan zaman Kawo, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna. Yakubu ya ɗauko sababbin kayan wuya a leda, masu ƙyalli, ya gwada. Na farko ƙoƙonsa ya yi wa bututun yawa. Na biyu ya shiga, amma notinsa ya yi zagaye biyu ya cije. Yakubu ya ce haƙoran Rale na da daban suke da na kekunan yanzu, in aka matsa da ƙarfi sai a ci haƙoran, a rasa keken baki ɗaya. Ya ƙara da cewa keken ya ɗauko halin mai shi, Bazazzage ne, komai sai irin nasa.

Malam Lawan ya ce gara taurin kai da a ba Bakano dama ya cusa masa abin da ba nasa ba. Suka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. In ba a sami wanda ya dace ba, da me zai koma gida?

Yakubu ya zagaya bayan rumfa, inda gawarwakin kekuna suke jibge, ya daɗe yana ɗaga wannan yana ture wancan. Can ya fito da firam ɗin wani Rale da tsatsa ta gama da shi, amma wuyansa lafiya lau. Ya buge ƙoƙunan ya fitar, ya wanke, ya ɗora katako a kansu ya riƙa bugawa da guduma a hankali har suka zauna daidai a keken Malam Lawan. Ya shafa giris, ya jera 'ya'yan boris ɗaya bayan ɗaya, ya bar gurbin guda don su sami wurin juyawa. Noti ya bi haƙoransa sumul kamar an yi su tare. Ya ɗaure, ya juya kan keken dama da hagu, ya sassauta kaɗan, ya sake ɗaurewa, yana bayanin da Malam Lawan ya sha ji: in ya yi tsauri keke ba ya karkata, in ya yi sako-sako ya yi ta kaɗawa.

Sannan ya ce wa abokinsa ya zo ya gwada da kansa. Gwajin ba sabo ba ne a wurin Malam Lawan. A danne birkin gaba, a ɗora yatsu a kan wuyan, a tura keken gaba da baya. In akwai sauran wasa, yatsa zai ji.

Ya danne birki da hagu, ya ɗora dama a wuyan. Bai ma tura ba tukuna, ya ji rawar. Tana nan yadda ya san ta, kaɗan-kaɗan, ba ta tsayawa. Ya ɗauke hannun, keken ya tsaya cik. Ya mayar, ta dawo. Ya kalli yatsun nasa a kan baƙin ƙarfen, tsoro ya kama shi, irin wanda ya daɗe yana korewa da faɗa. Masu acaba suna ta wucewa, wani mai rake yana ciniki a gefe, shi kuwa ya rasa inda zai kai idonsa.

Yakubu ya gani. Ya daɗe da gani ma, tun ranar da shayi ya fara zubewa a rigar abokinsa. Ya kuma san yarjejeniyar gidan, don Malam Lawan ya ba shi labarin da bakinsa yana cika baki. Sai ya ɗauki sifana, ya ce bari ya ƙara dubawa, ya juya masa baya, ya mayar da notin baya kaɗan. Ya tura keken, aka ji wani ɗan ƙas-ƙas.

"Ka ji? Har yanzu da saura," in ji Yakubu, idonsa a ƙasa. "Tsohon kaya ne. Ka ce musu sai na samo wani, ko wata mai zuwa."

Malam Lawan ya tsaya yana kallon keyar abokinsa. Mutumin da bai taɓa barin aiki ya fita daga rumfarsa da aibu ba, yau ya ɓata aikinsa da hannunsa saboda shi. Ƙaunar Yakubu ta cika masa ƙirji har ta kusa sa shi hawaye a gaban mutane. Kuma tayin ya ja shi, ba ƙarya. Wata guda a kan keke ba abin rainawa ba ne. Sai dai fuskar Harira ta faɗo masa, yadda take tsayawa a bakin zaure duk lokacin da ya fita, ba ta komawa ciki sai ya sha kwana.

"Yakubu, mayar da shi yadda yake," ya ce. "Na ga inda sifanar ta juya."

Yakubu ya sake ɗaukar sifanar. Sannan ya ɗaure notin, ya gwada, ya goge giris ɗin da ya ɓata fentin, ya miƙa masa keken ba tare da tsokana ko ɗaya ba.

Malam Lawan bai hau ba. Ya tura shi tun daga Kawo har Rafin Guza, yana amsa gaisuwar masu tambaya ko faci ya yi. Kan keken yana bin hannunsa luf, bai taɓa jin daɗin riƙe shi haka ba tun yana sabo.

Ya tarar da Harira a tsakar gida tana jera dubulan a roba. Ta dubi keken, ta dubi ƙurar da ta hau ƙafafunsa har idon sawu, ta fahimci da ƙafa ya zo. Duk da haka ta tambaya, don ta bar masa faɗar da bakinsa.

"Malam, an gyara?"

"An gyara. Ba ya rawa ko kaɗan."

Ya jingina shi a bango, a inuwa, ya zauna kusa da ita a kan tabarma. Ta miƙo masa kofin ruwa, da ya karɓa ba ta saki ba, ta riƙe masa gindin kofin har ya sha ya ƙoshi.

"Ki kira Na'ima," ya ce. "Ki tambaye ta wane lokaci likitan yake zama."