Mai Gadin da Ya Hana Lalla Shiga

"Ɗaga salular sama kaɗan, Inna Furera, rezo ya tahi."

Na ɗaga wayar, ko intanet ya dawo. Ga ni tsaye bakin tagar ɗakin Manzo da hannu a sama, ni da kunu kawai na shigo kawowa. Shi kuma yana kishingiɗe a katifa, ordinatar, wato kwamfutarsa, a kan cikinsa, ƙafafunsa sun kumbura har wando ya daina shiga sai zane. Bai daɗe da dawowa daga asibitin Maradi ba. Ƙoda ce, kuma likitoci sun ce a kai shi gida ya huta. Babu babba a unguwarmu da bai gane abin da suke nufi ba.

"Mi kake nema haka, kai da anka ce ka kwanta?" na ce.

"Gida nike zaɓa muku. Gida da mai gadi."

Manzo maƙwabcina ne a Tasawa, katanga ɗaya ta raba mu. Malamin lissafi ne a kwalej, shi ya sa kowa ke ce masa Mushe, yadda muke kiran malaman boko. Shi ya gina wa ƙungiyarmu ta mata masu man gyaɗa shafi a intanet. Ya zo da kansa ya ɗauke mu hoto muna suya, muna matsar tunkuza, muna sauke buhunan gyaɗar garin Maijirgi daga amalanken jaki. Ta shafin nan masu saye daga Maradi da Yamai suka san da mu. Ni an ɗauke ni baki buɗe ina dariya, har giɓina ya fito, na yi ta masa tsiya kan ya cire, ya ƙi.

Wata safiya shafin ya kwana da baƙi. Wasu da ba mu san ko 'yan wace ƙasa ba ne suka shiga suka liƙa tallar caca da hotunan mata tsirara a tsakanin hotunanmu. Manzo ya rufe shafin tun kafin azahar, amma an riga an ɗauka, an yi ta turawa daga salula zuwa salula. Ɗana da ke Agadas ma ya gani, ya kira ni. Na daina zuwa kasuwa, na daina tsayawa wurin famfo, sai in aika. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba tun da aka haife ni, ga shi ban yi komai ba sai dariya a gaban kasko.

Wadda abin ya fi yi wa ciwo ita ce Hajiya Lalla, shugabar ƙungiya, domin hotonta ne a sama, da carbi a hannu. Kuma Lalla ita ce uwar Sakina, matar Manzo.

"Zo ki gani," Manzo ya ce, ya juyo mini da ordinatar. "Waɗannan su ne gidajen da ake gina shahi a kansu. Wannan WordPress. Sauƙi gare shi, ko da salula kuna iya sa hoto da kanku. Amma da yake duniya dut da shi take aiki, ɓarayi ma shi sunka hi sani. Wannan SPIP, da Faransanci yake, bai da nauyi. Sai dai in na..." Ya tsaya, ya haɗiye. "In ya samu matsala, wa za ku samu nan garin ya duba muku? Drupal kuwa ƙarhi gare shi, amma ko ni sai na yi zuhwa kahin in koya muku."

"Wane ya hi tsada?"

"Dut kyauta ne. Buɗe suke, kowa na iya leƙa cikinsu, in ya ga ɓaraka shi gyara."

"Abin kyauta dai, mun ga ƙarshenshi."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa sai ya daina kallona, ya koma kallon rufin ɗaki.

"Ba kyautar ta ci mu ba, Inna. Ni ne."

Ranar ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Tun farko ya sa wa shafin mai gadi, wani tsari da ke tsaye a ƙofa yana duba duk mai shigowa, in bai yarda da take-takenka ba ya tare ka. Yana aikinsa lafiya lau. Sai wata rana Lalla ta zo shiga da salularta don ta sa farashin mai, ta yi ta kuskuren kod, wato lambar sirrin shiga, mai gadi ya ɗauka ɓarawo ne ke gwada makullai, ya rufe mata ƙofa. A gaban mata aka yi, ana ta dariya. Da yamma ta aiko wa Sakina da saƙo, a tambayi mai gidan ko yanzu ita ce ake rufe wa ƙofa.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce ai sai ya je ya yi mata bayani. To, Manzo bai taɓa haɗa ido da Lalla ba tun da ya auri ɗiyarta. In ya hango ta a hanya, sai ya karkata wani lungu. In ya kama dole ya gaishe ta, takalmi a hannu, ya durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, gaisuwa kawai ya tashi. Ba ya cin abinci inda take, ba ya kama sunanta, ita ma ba ta kama nasa. Mutumin da ke tsawata wa aji guda na samari, a gaban tsohuwar nan ko tari ba ya iyawa. Ta yaya zai zauna ya ce mata ita ce ta yi kuskure?

"Sai na maida mai gadin shi riƙa kallo kawai," ya ce. "Akwai wurin da ake taɓawa. Shina gani, shina rubuta wa ya shiga, amma ba ya tare kowa. Na maida kod ɗinta lambar salularta don kada ta sake mantawa. Lambar da ke rubuce a saman shahin, Inna, kowa na gani. Na ce in ta huce in maida. Sai ciwon ga ya taso, na manta."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba, har na ji kamar in ɗauke kwanon kununa in fita. Amma da na dubi yadda ya ja zane ya rufe fuska, shi babban malami, sai kunyarsa ta kama ni fiye da tawa.

Kwanakin da suka biyo baya, kullum da hantsi ina can riƙe da salula. Ya tsaya a kan WordPress, ya ce ya fi so mu iya da kanmu, kuma ko ba ya nan ba za a rasa wanda ya san shi ba. Mai gadi ne ya hana shi sakat. Akwai wani ModSecurity, ya ce, wanda ya zo da sanin dabarun ɓarayi birjik, yana gane su ya tare, wani lokaci har ya haɗa da mai gaskiya. Akwai kuma Naxsi, shi duk abin da ya yi masa baƙo ba ya wucewa sai an koya masa cewa na gida ne.

"Wane ke da kunya cikinsu?" na tambaye shi.

"Babu. Shi ya sa nike son su."

Ya zaɓi na farkon, ya gama gini, ya mai da hotunanmu ɗaya bayan ɗaya, tsaf. Amma ya ƙi buɗe shafin. Ya ce ba zai buɗe ba sai shugaba ta sani cewa wannan karon in ta yi kuskure za a tare ta, kuma babu wanda zai buɗe mata. Ita kuwa Lalla, tun da aka dawo da shi daga Maradi, tuwo take aikowa da gaisuwa, ƙafarta ba ta taka gidan ba. Sakina ta rame. Ba ta iya yi wa uwarta maganar, don ita ce ɗiyar fari, tsakaninsu ma akwai tasu kunyar, kuma ita ce ta roƙe shi ya buɗe ƙofar tun farko.

Da na ga numfashinsa ya fara sauyawa, na yafa mayafi na tafi gidan Lalla. Rabona da bin babbar hanya tun ranar da abin ya faru. Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa.

"Yaya Lalla, yaron ga ba ya da sauran kwana da yawa."

"Allah shi ba shi lahiya."

"Amin. Amma magana gare shi da ke."

"Ni da anka sa cikin 'yan iska, carbi a hannu? Jikokina sun gani, Furera."

"Nawa ma sun gani. Ke ce kinka aika a tambaye shi don mi ya ruhe miki ƙohwa. Ya buɗe. Ga abin da ya shigo."

Ta daina ɓarar. Ta daɗe tana kallon kwaryar da ke gabanta. Ashe ba ta taɓa sanin saƙonta ne ya yi wannan aikin ba.

Bayan la'asar ta zo. Ba ta shiga ɗakin ba. Sakina ta shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, ta zauna ta ba ƙofar baya. Ni aka ajiye a tsakani, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ina kai magana tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna.

"Ki gaishe da mai jiki," ta ce.

"Ki ce ma Hajiya na gode," ya ce. Ya yi ƙoƙarin tashi ya durƙusa, Sakina ta danne kafaɗarsa. "Ki ce mata ni na ɓata mata suna. Ta yahe mini."

Ban ma buɗe baki ba ta amsa. "Ki ce mishi bakina ya ja. Shi ma shi yahe."

"Ki ce mata sabon mai gadin bai san babba ba. In ta yi kuskure sau ukku, zai ruhe, sai ta jira shi buɗe da kanshi."

"Ki ce mishi shi ruhe. Ko ni ce, shi ruhe."

Na ɗauka an gama. Sai Manzo ya ce saura kod, kuma kod ba ya bi ta bakin wani, daga mai bayarwa sai mai karɓa. Ya ce ko Sakina ba za ta ji ba, balle ni da bakina ba ya riƙe ruwa. 

Lalla ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta cire takalmanta, ita da ake cire wa takalmi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga. Ni da Sakina muka koma gindin murhu. Ba mu ji abin da suka ce ba. Na dai san kod komai tsawonsa ba ya ɗaukar tsawon lokacin da ta yi a ciki. Da ta fito idanunta jajir, bakinta na motsi tana maimaitawa don kada ta manta.

Washegari ya buɗe shafin. Ya kira ni ya nuna mini, ga ni nan da giɓina, babu kowa kusa da ni sai kasko. Na ce har yanzu bai cire ba, ya ce har abada. Ranar Juma'a da hantsi, ina shanya gyaɗa a tsakar gidana, na ji salatin Sakina ta bayan katanga. Na zauna a ƙasa inda nake.

Mutane sun taru ƙwarai. Har waɗanda suka riƙa tura hotunan nan sun zo sun ɗauki makara, na gan su, na sunkuyar da kai tun kafin su sunkuyar.

Bayan sadakar uku, mata na zaune a tsakar gida, Lalla ta ce za a sa sanarwar rasuwar a shafi, don masu sayen manmu na nesa su yi masa addu'a. Sakina ta miƙa hannu za ta karɓi salular, ta ce a'a, ita aka ba kod. Ta kusanto da salular fuskarta, ta fara latsawa da yatsa ɗaya. Ta yi kuskure, ta sake, ta kuma sake. Sai wani rubutu ya fito da Faransanci. Sakina ta leƙa ta karanta, ta ce an rufe, sai an jima.

Wannan karon babu wadda ta yi dariya.

"Inna, bari a kira wani malami abokinshi, ƙila shi iya buɗewa," Sakina ta ce wa uwarta.

"Kada a kira kowa," Lalla ta ce. "Manzo ya ce a jira."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ta ajiye salular a kan cinyarta, ta ja gefen mayafinta ta kare ta daga rana, ta ɗauki carbinta. Inuwar katanga na matsowa kan tabarmi a hankali, mu duka muna zaune tare da ita.