Hajiya Lami da Asusun 'Yan Fansho

A shekarun farko bayan dawowar mulkin farar hula, tsofaffin ma'aikatan Rano da Kibiya suka kafa asusun taimakon juna, saboda fansho ba ya fitowa a kan lokaci. Kowa ya zuba abin da ya sawwaƙa, a juya shi ta hanyar halal, a tallafa wa marasa lafiya da iyalan mamata. Alhaji Ishiyaku, tsohon hedimasta, shi ya kawo shawarar, shi kuma aka ba shugabanci. Sannu a hankali ya zama shi ne ma'aji, shi ne sakatare, kwamiti kuwa sai suna.

Hajiya Lami, wadda ta yi ritaya daga aikin ungozoma, tana cikin kwamitin, kuma matar marigayi ƙanin Alhaji Ishiyaku ce. Ba ta taɓa zarginsa da cin amana ba. Amma wata shekara ya kwashi dukiyar asusun ya sayi albasa ya jibge, bai shawarci kowa ba. Damina ta sauka da wuri, albasa ta ruɓe, tallafi ya tsaya cak.

Ta same shi a zaure bayan la'asar.

"Yaya, a kira taron kowa da kowa."

"Lami, ke ma ɓarawo kika ɗauke ni?"

"Wallahi ko kusa. Amma da ka tambaye mu, Malam Shitu na cikin kwamiti ya yi noman albasa tun yana saurayi, da ya hana ka."

"Ƙaddara ce," in ji shi, ya kau da kai.

"Ruwan sama ƙaddara ne. Rashin shawara kuwa namu ne, mu da muka yi shiru."

Ya ƙi kiran taron. Ita kuwa ta ɗaura ɗamara. Ta shiga motar haya ta je Rano, ta hau acaɓa zuwa Nariya da Unguwar Gai duk da ciwon gwiwa, tana bin 'yan asusun gida-gida. Wasu suka ce tana tona asirin dangin mijinta. 'Ya'yanta ma suka roƙe ta ta haƙura. Ta ce sai an zauna.

Ranar kasuwar Kibiya aka taru a wani ajin firamare. Lami ta nemi a raba shugabanci da ma'aji, kada a taɓa dukiyar sai kwamiti ya amince, kuma kowane shugaba ya sauka idan wa'adinsa ya cika. Aka ɗaga hannu, masu goyon baya suka rinjaya. Alhaji Ishiyaku ya miƙe ya ce ya ajiye muƙaminsa, ya fita bai dubi kowa ba. Har aka yi Sallah babba bai amsa gaisuwarta da sakin fuska ba, abin kuma ya yi mata ciwo.

Sabon kwamiti ya raba jarin tsakanin hatsi da kiwon tumaki, da kaka tallafi ya dawo, ko da yake kaɗan-kaɗan. A wani zama Lami ta kawo shawarar a sayi injin niƙa, ta yi bayani har ta gaji, aka kaɗa ƙuri'a aka ƙi. Ta koma gida tana ta mita. Wata na zagayowa, ta riga kowa zuwa taro, da sabuwar hujja a bakinta.