Harafi Hamsin da Sunan Memuna

Shekara arba'in Memuna tana yawon sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a lungunan Nima, babu kwatar da ba ta tsallaka ba. Shi ya sa da Mardiya, 'yar ƙanenta, ta ce taswirar da direbobin motar asibiti ke bi a waya ba ta san rabin lungunan unguwar ba, Memuna ba ta yi mamaki ba. Bara ma motar ta yi ta zagaye tana neman gidan maƙwabciyarta Sanatu, har sai da aka turo matar a baro zuwa bakin titi.

Manhajar taswirar ta kowa ce, wanda ya iya sai ya gyara ya aika. Kwana uku suna tafe, Memuna a gaba da ciwon gwiwarta tana kiran sunaye, Mardiya a baya tana rubutawa. Lungu sittin da biyu. Sharaɗi ɗaya Memuna ta kafa: a sa sunanta. Ta gaji da aikin da ake mora a manta da mai shi.

Kowane gyara yana tafiya da ɗan saƙo mai kanu a sama. Memuna ta ce a rubuta kanun yadda mutanen kirki ke yi: bisimilla, sallama, gaisuwa ga masu aikin, sannan sunanta da na ubanta.

"Gwaggo, ba zai wuce ba."

"Ke dai rubuta."

Bai wuce ba. Jar alama ta fito tun kafin Mardiya ta ɗauke hannu.

"Wane marar kunya ne ya mayar?"

"Ba mutum ba ne, na'ura ce ke dubawa. Kanu ba ya wuce harafi hamsin, kuma da aikin da aka yi ake farawa."

Suka cire gaisuwa, ja. Suka cire sunan uba, ja. Ranar Juma'a za a fitar da sabuwar taswira, abin da bai shiga ba sai bayan wata shida. Mardiya ta ce a hankali, ko a cire sunan gaba ɗaya, tana ƙoƙarin ƙara wani bayani. Memuna ba ta tsaya ji ba. Ta ja mayafi, ta sa ta a gaba, suka hau motar haya ta trotro zuwa Kotobabi, inda Ziblim, ɗaya daga cikin masu karɓar gyara, yake da tebur a wani ɗan ofis.

"Kai ne ubangidan na'urar nan da ba ta amsa sallama?"

Ziblim ya miƙe ya ba ta kujera. "Mma, ni ma jiya ta mayar mini da nawa."

"To ba ta da tarbiyya. Ka faɗa mata ni na taka lungunan nan, ba ita ba."

Ya juya mata kwamfuta. Layuka ne gajeru, jere, ba iyaka. Ya ce gyara dubu tara ke nan, daga mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Ranar da taswira ta kai direba inda ba daidai ba, kanun nan ake bi da ido a gano inda aka yi kuskure. In kowa ya fara da gaisuwa, mai nema zai wuni yana amsa gaisuwa.

Memuna ta tuna Sanatu a baro. Amma ba ta huce ba.

"Sunana fa? A kwata za ku jefa shi?"

"Ƙasan kanu fili ne, Mma. Nan ba ta ƙirga harafi. Kuma yana nan muddin aikin yana nan."

Ta juyo ta harari Mardiya. "Kin sani?"

"Gwaggo, sau biyu na fara faɗa, kika ce in rufe miki baki."

Mardiya ta rubuta kanu: ƙara lunguna 62 na Nima. A ƙasa Memuna ta zuba nata, bisimilla da sallama da sunan ubanta, har da Saratu, marigayiyar da ta fara nuna mata hanyoyin tana yarinya. Alamar ta zama kore.

"Karanta mini."

Ziblim ya karanta.

"Ka haɗiye sunan Saratu. Sake."